Lafiyar Yara Tana Neman Ma'aikata

Yau da matasa nake magana, musamman wanda ya ci burin karatun likita, JAMB ta ba shi wani fannin, ya koma gida ya naɗe hannu wai ƙofa ta rufe.

Ƙofa ba ta rufe ba, don aikin lafiya ba na likita kaɗai ba ne. Bari mu ɗauki misalin ciwon sikila, amosanin jini. Duk duniya babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da shi, kusan 150,000 a shekara. Cikin masu fama da shi, kusan ɗaya cikin goma kan gamu da shanyewar ɓarin jiki tun bai cika ashirin ba. A Amurka, yaron da aka ga yana cikin haɗari ƙarin jini ake masa wata-wata. To mu nan, ina jinin? Wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya cikin dare ya san amsa.

Sai masu bincike a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt, suka gwada wata hanyar. Ana ɗora wa yaro 'yar na'ura a gefen kai, kusa da kunne, a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In ya yi sauri fiye da kima, sai a sa shi kan ƙwayar haidiroksiyuriya kullum. Haɗarin kuwa ya ragu ƙwarai.

Likita shi kaɗai ba ya irin wannan aiki. Akwai mai riƙe na'urar, da nas mai bin uwa har gida in ta tsallake ranar asibiti, da mai gwajin jini, da mai harhaɗa magani, da wanda ke zaune gaban kwamfuta yana tace alƙaluma. Wanda ya karanta lissafi ma yana da kujera a nan.

Akwai kuma aikin da ni nake gani ya fi kowanne nauyi: zama da iyaye a bayyana musu da Hausa abin da za a yi wa ɗansu, su yarda ko su ƙi. Kanawa ba su manta 1996 ba, lokacin sanƙarau, da wani kamfanin Amurka ya gwada magani kan yara wajen 200. Rashin yardar da ya biyo baya har rigakafin shan-inna ya shafa.

Hanyoyin shiga waɗannan ayyuka suna da yawa: makarantar koyon jinya, kwalejin fasahar lafiya, ko jami'a irin Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. A gyara kiredit na kimiyya, a koyi kwamfuta.

Iyaye, don Allah ku bar 'yan mata su yi wannan karatu. Akwai maganar da uwa ba za ta faɗa wa namiji ba.