Waɗanda Suka Tafi Yaƙin Bama Ba Su Dawo Ba

Jama'a masu sauraro a Boɗinga da Shagari, wa ke da kakan da ya tafi yaƙin Bama aka ji shiru? Daga 1943 aka riƙa loda sojojinmu a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can su wuce ƙasar Bama. Waɗanda ba a san kabarinsu ba, sunayensu na sassaƙe a maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun.

Inda gizo ke saƙa wajen neman suna, magatakardan soja na wancan lokaci kan rubuta mutum da sunan gari kawai, wane Sakkwato, shi ke nan. Lambar soja ce ke raba gardama. Ku zazzage tsohuwar adakar kaka, ko wata takarda ta tsira daga gara. Ku tambayi tsofaffi tun suna raye, sannan ku nufi ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna.