Begen Da, Cinikin Yau



Wani yayi ya shigo mana. Akushi da faifai da ƙwaryar da iyayenmu suka jefa bayan ɗaki, su muke ratayawa a falo yau, wai begen zamanin da. Har langa da fanteka na jeren kakanninmu mun koma nema, mun manta su ma baƙi ne daga ƙetare, su suka kori ƙwarya daga ɗakin amarya.

Bege ba laifi ba ne. Amma aljihun wa kuɗin yake shiga? Mu leƙa Kantin Kwari a Kano, za mu tarar da yadi mai kama da rinin shuni, alhali injin ƙasar Sin ya buga shi. Sa'an nan mu taka zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 take, mu ƙirga rijiyoyin da suka ƙafe. Marini yakan yi kwanaki yana jiran baba da toka su nuna kafin ya tsoma zane ɗaya. Mu kuwa, masu albashi, sai mu ce ya tsawwala kuɗi, mu sayi na inji, mu ɗinka, mu tafi kallon Hawan Daushe da shi.