Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Jawabin Malam Ga Matasa Kan Cinikin Jiragen Yaƙi

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar ga 'yan uwa matasa a zaman da aka yi da su bayan sallar Isha'i, inda ya yi bayani a kan yadda ƙasashen Musulmi ke sayen jiragen yaƙi da abin da ke biyo bayan cinikin.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala da salati ga fiyayyen halitta (S), Malam ya ce ya lura duk lokacin da aka ce wata ƙasar Musulmi ta sayi jiragen yaƙi, sai ka ga 'yan uwa suna murna, suna cewa Musulmi sun yi ƙarfi. Ya ce ya kamata kafin a yi murna a fara tambaya: wa ya ƙera, wa zai gyara, kuma wa ke riƙe da kayan gyaran? Domin jirgin yaƙi ba kamar takobi yake ba da za ka saya ka rataye, ranar da kake buƙata ka zare. Duk sa'a ɗaya da ya yi a sama, sai makanikai sun yi sa'o'i masu yawa a kansa a ƙasa. Injinsa yana da adadin sa'o'in da in ya cika sai an sauke shi. Makaman da yake harbawa ƙarewa suke yi, kuma ba kowane iri ke hawansa ba. Saboda haka wanda ya sayar maka da jirgi ya ɗaure ka da igiya ta shekara 30 ko 40, kuma bakin igiyar yana hannunsa.

Abin da ya faru da Pakistan

Malam ya fara kawo misali da Pakistan. Ya ce lokacin da Tarayyar Sobiyet ke Afganistan, Amurka tana buƙatar Pakistan, don haka ta sayar mata da jiragen F-16 guda 40, waɗanda suka fara isa a 1983. Da Pakistan ta ga daɗinsu sai ta sake yin odar wasu, ta shiga biyan kuɗi. A 1989 Sobiyet ta fice daga Afganistan. A watan Oktoban 1990 sai Amurka ta ɗauko wata doka tata da ake kira dokar Pressler, ta ce tunda Pakistan na neman makamin ƙare dangi, an tsai da ba ta makamai. A lokacin Pakistan ta riga ta biya dala miliyan 658. Jirage 28 da aka ƙera mata aka kai su hamadar Arizona aka jera, har ma aka riƙa cajin ta kuɗin ajiya. Sai a ƙarshen 1998 aka yarda a mayar mata da abin da ya rage nata, wani sashi kuɗi, wani sashi kuma kayan abinci irin su alkama.

A nan Malam ya ce wa 'yan uwa su yi tunani, mutum ya biya kuɗin doki, a ɗaure dokin a gidan mai sayarwa shekara takwas, a ce ya biya kuɗin turke, sannan a sallame shi da buhun hatsi. Ya ce shirin nukiliyar nan ba a 1990 aka san da shi ba. Abin da ya sauya kawai shi ne buƙata ta ƙare.

Ya ce haka Iran ta gani. Sarki Shah ya sayi jiragen F-14 daga Amurka, 79 suka iso hannunsa. Da juyin Musulunci ya yi nasara a 1979, ƙwararrun Amurka suka tattara suka tafi, aka toshe kayan gyara. A 1980 Saddam ya afka wa ƙasar. Shekara takwas na yaƙin, makanikan Iran suna kwance wani jirgi su tayar da wani, suna koyon ƙera ƙananan sassa da hannunsu, alhali da can ba a barinsu su san cikin abin da ƙasarsu ta saya.

Cinikin Yamama

Da ya juya kan Saudiyya, Malam ya ce a 1985, zamanin Firayim Minista Margaret Thatcher, aka ƙulla cinikin da ake kira Yamama tsakaninta da Ingila: jiragen Tornado 72, Hawk 30, da wasu 30 na koyon tuƙi. Da ɗanyen mai aka riƙa biya, har ganga 600,000 a rana. A 2005 shugaban kamfanin BAE ya bayyana cewa sun samu fam biliyan 43 cikin shekara 20 daga wannan ciniki. Zargin cin hanci ya yi yawa har hukumar binciken manyan zamba ta Ingila ta fara bincike, amma a watan Disambar 2006, zamanin Tony Blair, aka tsai da shi da sunan tsaron ƙasa. A 2010 kamfanin ya amsa laifin ba gwamnatin Amurka bayanan ƙarya, ya biya tarar dala miliyan 400.

Ya ce to, shekara biyar bayan ƙulla wannan ciniki, Iraƙi ta shiga Kuwaiti a watan Agustan 1990. Duk da jiragen da aka tara, sai da aka gayyato sojojin Amurka kimanin rabin miliyan. Malam ya ce a ƙasashen masu ƙera makamai, soja da kamfani da gwamnati hannunsu ɗaya ne. Sojansu yana faɗin abin da yake so, kamfani ya ƙera, gwamnati ta nemo mai saye a waje domin ma'aikatansu su ci gaba da samun aiki, kuɗin bincikensu kuma ya fito. Ke nan man Musulmi ne ya riƙa ciyar da masana'antar wasu, su ilminsu na ƙaruwa, mu kuma abin da ke hannunmu na tsufa.

Waɗanda suka ɗauki darasi

Malam ya ce ba don a yanke ƙauna ya kawo waɗannan ba, domin akwai waɗanda mari ya farkar da su. A 1975 Amurka ta sa wa Turkiyya takunkumin makamai saboda rikicin tsibirin Kubrus. A shekarar aka kafa kamfanin Aselsan da kuɗin gudunmawar jama'a, kuma da rediyon sadarwa na soja ya fara. Kamfanin Baykar kuwa da ƙera sassan motoci ya fara, daga baya 'ya'yan gidan da suka yi karatu suka mayar da shi ga jirage marasa matuƙa. A 2014 jirginsu Bayraktar TB2 ya fara tashi. Da Kanada ta hana su kyamarar da suke sa masa a 2020, sai Aselsan ya kawo tasa.

Ita ma Pakistan ta haɗa kai da Sin, suka ƙera jirgin JF-17, wanda ya fara tashi a 2003, ana kuma harhaɗa shi a masana'antarta da ke Kamra. Amma Malam ya ja hankalin 'yan uwa kada su zuzuta, domin injin da aka fara sa wa jirgin na Rasha ne. Ya ce fita daga dogaro da wani mataki-mataki ne, kuma yana cin shekaru.

Mu fa?

Malam ya ce abin bai tsallake mu ba. An kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna a 1964. Brazil ta kafa kamfanin jiragenta na Embraer a 1969, wato bayan namu da shekara biyar. Sai ga shi jiragen Super Tucano 12 da Nijeriya ta saya ta hannun Amurka a kan kimanin dala miliyan 500, suka iso a 2021, ƙirar wannan kamfani ne na Brazil. A shekarar kuma aka karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan, ƙasar da aka taɓa riƙe wa jirage. Kafin nan an sayo jiragen Jaguar 18 daga Ingila, suka fara isowa a 1984, amma ba su shekara goma suna tashi ba aka jingine su. A 2014, ana tsakiyar yaƙin arewa maso gabas, Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. A 2015 kuma aka fito da zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai.

Ya tunatar da abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Disambar 2023, inda jirgi mara matuƙi na soja ya jefa bam kan masu Mauludi, aka binne mutane aƙalla 85. Ya ce makami in ba ilmi da amana da tsoron Allah a bayansa, a kan raunana yake sauka.

Abin da ake so daga matasa

Malam ya ce sayen makami a wurin wani ba laifi ba ne a kan kansa, domin Manzon Allah (S) ya ari sulke a wurin Safwanu ɗan Umayya gabanin Hunainu, alhali Safwanu bai musulunta ba. Aibin shi ne al'umma ta zauna har abada a kan aro, tunda kayan aro ba ya rufe katara. Ya ce Allah Ta'ala ya yi umurni da tanadin ƙarfi a Suratul Anfal, ya saukar da sura guda da sunan ƙarfe, ya kuma ba da labarin cewa ya koya wa Annabi Dawuda (AS) sana'ar sulke, tare da umurtarsa da ya kyautata aunawa. Annabi ne, sarki ne, kuma maƙeri ne.

Wani ɗan uwa ya tambaya cewa, Malam, mu da ba gwamnati a hannunmu, ina namu a ciki? Malam ya amsa cewa kada wani ya fahimci cewa ana kiransa ya nemi makami, wannan ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne. Rabonsu shi ne ilmin da ke bayan ƙarfen. Wanda yake makaranta ya daina gudun lissafi da kimiyya. Wanda yake gareji, ko wajen walda, ko gyaran lantarki, kada ya raina sana'arsa, ya iya awo daidai, ya iya karanta zane, ya daina aikin a-gama-a-tafi. Hannun da ya iya sassaƙa ƙarfen injin ban ruwa daidai gwargwado, shi ne wata rana zai iya na jirgi. Wanda kuma Allah ya kai shi ofishin da ake sa hannu a kwangila, ya tuna la'adar da zai karɓa jinin wani ce.

Daga ƙarshe ya buƙaci kowane ɗan uwa, kafin zama na gaba, ya zo da sunan fanni ɗaya ko sana'a ɗaya da ya ƙuduri aniyar ƙwarewa a kai, da sunan ƙanensa ɗaya da zai riƙe wa hannu. Aka rufe da addu'ar Allah ya ba al'umma ilmi mai amfani, ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.