Ka Sayi Wasan, Amma Muryoyin Ba Naka Ba Ne



A shekarar 2018 wasu masoya wasan kwamfuta suka ajiye aikin da suka daɗe suna yi kyauta mai suna Capital Wasteland. Nufinsu su sake gina wasan Fallout 3 na 2008 a cikin Fallout 4 na 2015. Dukansu biyu na kamfanin Bethesda ne na Amurka, to ina matsalar? Muryoyi. Sun so kwaso maganganun da aka naɗa a tsohon wasan su zuba a sabon, cikinsu har da muryar jarumi Liam Neeson. Da suka tuntuɓi kamfanin, sai suka gane doka ba za ta bar su ba.

Kuɗin da ka biya izinin buga wasa kawai ya saya maka. Murya da kiɗa da zane kowanne da mai haƙƙinsa, kuma rabawa kyauta ba ta wanke ka.

Ni dai ina ganin an tsaurara, tunda aikin ƙauna ne. Masu aikin Skyblivion kuwa, wato sake gina wasan Oblivion a cikin wasan Skyrim, doguwar hanya suka bi: da hannunsu suke sake zana kayan wasan Oblivion, kuma sai wanda ya mallaki Oblivion da Skyrim duka zai iya bugawa.