Macijin gardi, buhun da ke cikin mota, da ran ɗan kiwo

  Yau zancenmu a kan maciji ne, musamman wanda mutum ya kama da hannunsa ya ajiye, yake yawo da shi kasuwa-kasuwa, ko ya ɗaure a buhu ya ba ka ka kai masa ƙetare.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ɗan kawuna, yaro ɗan shekara sha bakwai, shi ke bin shanun gidansu. Ranar wata kasuwa ya tsaya kallon gardi. Gardin ya fiddo gamsheƙa daga akwati, ya naɗa ta a wuya, ya sa kanta a bakinsa, ana kiɗa ana tafi. Da ya gama sai ya baje layu da ƙullin gari, ya ce duk wanda ya sha ya ɗaura, maciji ya zama igiya a wurinsa. Yaro ya sayar da zakaransa ya saya. Bayan sati biyu suna kiwo, abokinsa ya ɗaga dutse suka ga kububuwa a naɗe. Shi kuwa mai laya ya ce a matsa masa, ya kai hannu. Ta sare shi a yatsa. Aka ɗaure hannun tamau da igiya, aka tsaga wurin da reza, aka shafa gari. Kwana biyu ana jiran magani ya ci, sai ga jini yana fita ta dasashinsa, tsagar da aka yi ta ƙi tsayawa. A ranar ta uku aka kai shi likita. Allah ya yi da sauran kwana, ya rayu, amma yatsan ya tafi, bijimai biyu kuma suka tafi wajen biyan magani. Gardin ya daɗe da barin garin.

To me ya sa macijin gardi ba ya kashe gardi? Ku saurara da kyau, domin a nan ake cin kuɗinmu. Da yawa daga cikin masu wannan wasa suna karye haƙoran dafin macijin, wasu suna ɗinke bakinsa da zare su bar ƴar kafa ta harshe, wasu kuma suna barinsa da yunwa da ƙishi har ya rasa ƙarfin kai sara. Gamsheƙar da kuke gani ta miƙe ta buɗe wuya, tsoro ne ya sa ta haka, tana kare kanta ne. Maciji ba shi da kunnen waje irin namu, motsin hannu da na ganga yake bi da ido, yana kuma jin girgizar ƙasa a jikinsa. Sannan ga abin da ba a faɗa wa ƴan kallo: haƙorin da aka karye yana sake fitowa. Halittar maciji ke nan, yana canza haƙora duk tsawon rayuwarsa. Shi ya sa gardin da ya yi shekara ashirin yana wasa, rana ɗaya sai ka ji an ce macijinsa ya kashe shi.

Akwai wani abu kuma da ke ƙara wa masu layu kasuwa. Ba kowace sara ce ke zuwa da dafi ba. Wani lokaci maciji mai dafi yakan kai sara bai zuba komai ba, wani lokaci kuma macijin da ya yi saran ba mai dafi ba ne tun asali. Irin waɗannan mutane ko ba a yi musu komai ba za su warke. In aka shafa musu gari suka tashi, sai a ce gari ne ya yi aiki, labari ya zaga rugage. Wanda dafi ya shiga jikinsa da gaske ya mutu, sai a ce kwanansa ne ya ƙare. Kun ga mai gari bai taɓa faɗuwa ba ke nan.

Kada wani ya ce ai rashin gwaninta ne. A shekarar 1957, wani masanin macizai na Amurka mai suna Karl Schmidt, wanda ya yi shekaru da dama yana wannan aiki a birnin Chicago, ya riƙe wani ƙaramin macijin bishiya da aka kawo daga Afirka, ya sare shi a babban yatsa. Ya ɗauka dafin bai kai na kisa ba, ya zauna yana rubuta abin da yake ji a jikinsa. Washegari ya mutu, jini ya tsiyaye masa ta ciki. A 2001 kuma wani masanin, Joseph Slowinski, yana aiki a dajin ƙasar Bama, ya sa hannu a cikin jaka yana zaton macijin da ke ciki marar dafi ne. Shi ma bai kwana biyu ba. Waɗannan mutane ne da suka ƙare rayuwarsu a kan ilimin maciji. Ina ga yaron da abin da ya mallaka laya ce ta kuɗin zakara?

Mu san waɗanda muke zaune da su. Kububuwa gajera ce, ba ta cika kai kamu ɗaya da rabi ba, launinta kamar ƙasa, in ta fusata tana goga jikinta ka ji kamar ana zuba ruwa a kan garwashi. Ita ce ta fi kashe mutane a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta baki, ta fitsari, ta tsohon rauni, har cikin kai. Abin da ya sa take yaudarar mutane shi ne wanda ta sara yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana magana yana cin abinci. Kasa kuwa mai kauri ce, ba ta gudu, kwanciya take yi a kan hanya sai an taka ta. Dafinta yana kumbura ƙafa ya ruɓar da nama. Gamsheƙa tana feso dafi daga nisan taku biyu zuwa uku, ido take nema, kuma tana shiga ɗaki da dare neman ɓera ko ƙwai. Mesa ba ta da dafi, amma babba tana da ƙarfin da zai haɗiye ɗan akuya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara macizai suna saran mutane wajen miliyan 5.4 a duniya, mutum 81,000 zuwa 138,000 suna mutuwa, waɗanda ke rasa hannu ko ƙafa ko su nakasa kuwa sun ninka haka wajen sau uku. A 2017 hukumar ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 ta fitar da shirin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Mafi yawan waɗanda abin ke shafa manoma ne da makiyaya da yara, wato mu.

Yanzu ku fatake da direbobi. Wani zai tare ka a tasha da buhu ko kwali a ɗaure, ya ce saƙo ne, a kai wa wane a ƙetare, ga kuɗin mota har da ƙari. Tambayi abin da ke ciki, ka sa ya buɗe da hannunsa. In maciji ne mai rai, ka ce a'a. Buhu yana hujewa, haƙorin kasa yana ratsa buhu, zafin bayan mota yana haukata dabba. Yaron motarka ne zai sa hannu ya sauke kaya, mace mai goyo ce za ta zauna a kai. In abin ya faru a tsakiyar daji, tsakaninka da likita mai allurar maciji tafiyar awa nawa ce? Ban da wannan, namun daji da fatunsu suna ƙarƙashin doka. Nijar da Najeriya da Benin duk sun sa hannu a yarjejeniyar duniya ta cinikin namun daji, wadda ta sa mesa da fatarta cikin kayan da ba a ƙetara iyaka da su sai da takarda. In ƴan duwan ko jami'an gandun daji suka kama, motarka ce za ta kwana a hannunsu, mai saƙo yana gidansa.

Sai maganar haƙƙi, domin ba lafiya kaɗai ce ke ciki ba. Na ɗaya, haƙƙin maƙwabci. Wanda ya ajiye gamsheƙa a cikin gida ya sa ran matansa da ƴaƴansa da ƴaƴan maƙwabta a caca, ba tare da ya tambaye su ba. Na biyu, haƙƙin ɗan kallo. Sayar wa yaro laya da alkawarin maciji ba zai cije shi ba, alhali kai ka san ka cire wa naka haƙori, ha'inci ne da ke iya kai wa ga rai. Na uku, haƙƙin dabbar kanta. Macijin da aka ɗinke wa baki ba ya ci ba ya sha, bakin yana ruɓewa, a hankali yake mutuwa, sai a jefar a kamo wani. Dukanmu mun ji malamai a wurin wa'azi suna kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Kashe macijin da ya shigo maka ɗaki zai cutar da iyalinka daban, azabtar da shi wata da watanni don a jefa maka kuɗi daban. Mu ma da muke tsayawa muna jefa kuɗin, muna da kaso a ciki. Ƙasar Indiya, inda wasan maciji ya fi shahara a duniya, ta kafa dokar kare namun daji a 1972 wadda ta haramta ajiye macizai don wannan sana'a.

Na san wani zai ce, to gardi da me zai ci? Tambaya ce mai kyau, kuma ban zo don in wulaƙanta kowa ba. Mutumin da ya san ramin maciji, ya san sawunsa, ya san lokacin fitarsa, yana da ilimin da ake buƙata. A kudancin Indiya akwai ƙabilar Irula, gadonsu kamun maciji. A 1978 suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, suna kamo macizai da izinin hukuma, a tatsi dafin, a mayar da su daji, a sayar da dafin ga masu haɗa magani. Domin ita allurar maciji daga dafin ake samo ta. Ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininta ya koyi yaƙi da shi, sai a ɗebi jinin a tace maganin. Allurar EchiTAb da ake amfani da ita a asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, da dafin macizan Najeriya aka haɗa ta. Wannan shi ne ajiye maciji mai dalili: akwati mai makulli, sanda mai ƙugiya, ma'aikata da aka horar, magani a ajiye kusa.

Wannan ya kawo mu kan cinikin maganin. Allurar da aka yi don macizan wata ƙasa ba lalle ta yi aiki a kan namu ba. A wani asibiti a tsakiyar Gana, da aka canza allura aka kawo wadda aka haɗa da dafin macizan Indiya, masu mutuwa daga saran kububuwa sun tashi daga ƙasa da 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100. Saboda haka ɗan kasuwa, kar ka sayi kwalbar allurar maciji a tebur ka kai wa mutane don riba. Likita ne zai zaɓa, shi ne kuma zai yi, domin wani jikin yakan tayar da bori in an sa masa ita, sai an tsaya a kansa.

In tsautsayi ya faɗa, ga abin yi. A matsa daga wurin, kar a tsaya neman macijin, kuma ko an kashe shi kar a taɓa kan, domin yankakken kai yana iya sara. A cire zobe da warwaro da agogo kafin kumburi. A kwantar da mutum, a ɗaura wa hannun ko ƙafar sanda yadda ake yi wa karaya, sako-sako, don kar ta motsa. Kar a ɗaure tamau, kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a tsaya kan baƙin dutse. A ɗora shi a kabu-kabu ko amalanke, wani ya riƙe shi, a nufi likita nan take ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. A can za su ɗebi jininsa a ƙaramar kwalba su ajiye minti 20, in bai daskare ba sun san dafi ya shiga. In gamsheƙa ce ta fesa wa mutum a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, kar a murza, sannan a tafi likita.

Makiyayin da zai gangara kudu da rani, wajen Gombe da Taraba da kwarin Binuwai inda kububuwa ta yi yawa, tun kafin ya sauke kaya ya tambayi mutanen wurin asibitin da ke da allura, ya ajiye lambar mai babur. A sa takalmin roba mai tsawo, a riƙe tocila da dare, a kwana cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. A nisanta rumbu da tarin itace da ɗakin kwana, domin hatsi ke kawo ɓera, ɓera ke kawo maciji. Shi ma macijin da ke can daji yana rage mana ɓerayen da ke cin gero, in ka gan shi a hanyarsa ka ba shi wuri.

Iyaye, ku gaya wa yaran da ke bin dabbobi cewa babu layar da ke mayar da kububuwa igiya. Ɗan kawuna yana nan da yatsu tara, shi ne ya ce in faɗa muku. Ranar 19 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan saran maciji a duniya, kuma kafin ta zo muna son jin ta bakinku: wane likita ne kusa da ku ke da allura, nawa kuka biya? Ku aiko mana, mu karanta wa sauran ƴan'uwa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.