Kuɗin Mota Ma Magani Ne



Mara lafiyar da aka turo daga Riruwai ko wani ƙauyen Doguwa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiya ce mai nisa a gabansa: ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya bi ta Kwanar Ɗangora kafin ya shiga birni. Ba shi kaɗai zai tafi ba, dole da mai jinya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar ya fi ƙarfin talaka. Sai a sayar da akuya, ko a zauna gida ana jiƙe-jiƙe har ciwo ya ci jiki. Mai naƙuda da jini ya ɓalle mata kuwa ba ta da lokacin jiran ranar kasuwa.

Direbobin ƙungiyar NURTW sun daɗe suna kai mata masu naƙuda asibiti a jihohin Arewa, kuma abin ya ceci rayuka. A faɗaɗa shi.

Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku ware asusun kuɗin mota ga duk wanda likita ya tura Kano. Masu hali, ku sa hannu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.