Man da Ake Shafawa Kafin a Tada Inji

(Jawabin da 'yan'uwa masu sana'ar kanikanci suka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



An nemi mu 'ya'yan garin nan masu sana'ar kanikanci mu yi bayani a kan abin da ya sami motar ƙungiya, wadda ke kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti. Kowa ya san an yi karo-karo an yi wa injinta garambawul a wani gareji, amma ko wata biyu ba a yi ba ya sake bugawa. Da muka kwance shi, mun tarar kayan da aka saya nagari ne. Abin da ya kashe shi, a bushe aka ɗaure shi, a bushe kuma aka tada shi.

Idan inji yana aiki, karanshaf ba ya taɓa metal ɗin da yake juyawa a cikinsa. Tsakaninsu akwai 'yar rata ta kimanin milimita 0.05, wajen kaurin silin gashi, kuma baƙin mai ne ke cika ta. Famfon mai ne ke tura man nan. To, a sabon ɗauri famfon fanko ne, filta fanko, hanyoyin mai ma fanko. A cikin 'yan daƙiƙun da mai zai yi kafin ya iso, ƙarfe yana cin ƙarfe. Ɓarnar ba ta bayyana a ranar. Sai bayan makonni, a tsakiyar hanya, a ji inji ya fara ƙwanƙwasa.

Saboda haka makanike na ƙwarai yakan fara da tsabta. Bayan an dawo da bulok daga wurin gyaran silinda, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a busar, a yi ta gogawa har farin ƙyalle ya fito ba datti. A lokacin hunturu a rufe kayan, domin mai da ƙura in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa.

Sannan kowane wuri da irin mansa. Fuskar metal da wuyan karanshaf da ƙusoshin kamshaf ana shafa musu man haɗa inji, wato wani mai ne mai danƙo da ba ya zurarewa, wanda kuma yake narkewa cikin baƙin mai idan inji ya tashi. Amma bayan metal, inda yake zama a gurbinsa, a bar shi a bushe, don ya kama daram, zafi kuma ya sami hanyar fita. Bangon silinda da fistin da ringi, baƙin mai kaɗan ya ishe su. Abu mai kauri yakan hana ringi zama. Leɓen robar da ke tare mai a shafa masa, kada ya ƙone a juyin farko. Giris ɗin ƙafar mota kuwa ba shi da gurbi a cikin inji, domin ba ya narkewa da sauƙi, yana iya toshe hanyar mai. Hatta kusoshin kan silinda, a duba littafin motar a ga ko da mai ake ɗaure su ko a bushe, saboda mai yana sauya ƙarfin ɗauri.

Kafin a tada, a jiƙa famfo da mai, a cika filta, a cire fulogogi, a yanke fetur, a riƙa buga sitata kaɗan-kaɗan har fitilar mai ta mutu. Bayan tafiyar kimanin kilomita 800 a yi juye, a sake filta. A kuma zuba man da mai ƙera motar ya ambata. 20W-50 da muka saba zuba wa Peugeot 504 ya yi wa yawancin sababbin injuna kauri.

'Yan'uwa, ba makanike kaɗai ke da laifi ba. Mu da kanmu mun sha ganin mai mota ya tsaya a kanmu ana jajibirin salla, yana cewa lallai yau zai kama hanyar gida. Wani ya biya kuɗin fistin da metal ba musu, amma ya yi ƙorafi a kan kuɗin 'yar robar man shafawa. Gaggawa da ƙwauro su ne ke sa a sauke inji sau biyu.

Muna roƙon abu uku. Duk wanda zai yi garambawul ya ba makanike lokaci, ya kuma tambaye shi da me ya shafa metal, da yadda ya hau da mai kafin ya tada. Na biyu, yaran da ƙungiya ke turo mana koyon sana'a a bar su su kammala, domin irin wannan ilmi ba ya samuwa a shekara guda. Na uku, mun ɗauki nauyin sake ɗaure injin motar ƙungiya ba kuɗin aiki, idan kwamitin kuɗi ya sayi kayan.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.